Gwaggon Gangare da Ruwan Wankin Maƙwabta

Ƙauyen a jikin dutse yake, gidaje hawa-hawa, ta yadda ƙofar wani take daidai da rufin ɗakin wani. A can ƙoli idon ruwa yake. Idan rani ya yi nisa ruwan ba ya wadatar kowa, sai a raba shi gida-gida, na sha da na girki da ɗan na wanki. A can ƙasa kuwa, inda gidaje suka ƙare, gida ɗaya ne tak, kuma shi ne gidan matar da kowa yake kira Gwaggon Gangare. Yara da manya haka suke kiranta. Har mijinta ma, wani baduku da ya ajiye aiki saboda raunin ido, idan baƙo ya tambaye shi ko shi wane ne, sai ya ce ai shi ne mijin Gwaggon Gangare, a wuce wurin.

Tana amarya aka kawo ta wannan gida. Washegarin zuwanta ta share tsakar gida fes, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta zauna tana jiran masu zuwa ganin ɗaki. Baƙon da ya fara shigowa kuwa ta rariya ya shigo: ruwan wanke-wanken gidan sama ne, da kumfarsa da ɓawon albasarsa, ya ratsa tabarmar ya wuce abinsa. Bayansa ruwan wankan gida na gaba ya biyo, sannan shuɗin ruwa daga gidan mai wanki. Ta tambayi angon ko wani abu ne ya fashe a sama. Ya ce babu abin da ya fashe, haka safiya take a gidansu tun zamanin kakansa.

A haka ta haifi 'ya'yanta ta raine su, zaninta kullum a ɗage zuwa ƙwauri. A kan duwatsun da ta jera a tsakar gida suka koyi tafiya, shi ya sa har suka girma suka bar ƙauyen ana gane su da dogon taku. A haka kuma ta koyi faɗa. Da farko muryarta ba ta wuce gidan tela, wanda yake daidai saman gidanta. Da tafiya ta yi tafiya, sai ta zama idan ta tsaya a bakin rariya ta ɗaga kai, har mai wanki da yake kusa da ƙoli yakan ji rabonsa, ya ajiye sabulu ya saurara, don ta iya zaɓen kalma.

A wani rani mai tsanani ne ta lura da wani abu. Ko'ina ya bushe ƙayau, awaki na cin takarda, amma a bayan gidanta, ƙarƙashin wani ƙaton dutse da ya yi rumfa, inda ruwan yake taruwa ya kwanta, ciyawa ce kore shar. Ta daɗe tsaye tana kallonta. Daga nan ta ɗauki fartanya ta karkatar da kwatar, ta bi da ita ta gefen katanga zuwa bayan gida. Ta haƙa rami ta cika shi da tsakuwa, ta haƙa wani a ƙasansa ta cika da yashi, na ƙarshe ta zuba masa gawayi. Ruwan da ya shiga na farko da kumfa da maiƙo, yakan fito daga na ƙarshe ba wari ba launi. Ba na sha ba ne, kuma ba ta taɓa cewa na sha ne ba. Babbar 'yarta, wadda take aure a ƙasan kwari, ta kawo mata ɗan ayaba guda, ta dasa. Ɗaya ya haifi biyu, biyu suka haifi gari.

Mutanen sama ba sa ganin ramukan, dutsen ya rufe su. Ganyen kawai suke hangowa yana kaɗawa. Da suka tambayi baduku, sai ya ce akwai damshi a ƙarƙashin dutsen nan. Gwaggo ta auna maganar ta ga babu ƙarya a cikinta, ta bar ta a haka. Idan ayaba ta nuna takan aika wa kowane gida, su ci su yi santi, su ce lallai ƙasar gindin dutse daban ce.

Faɗan kuwa ba ta daina ba, sai ma abin da ya ƙaru, domin ta gano wani sirri game da matar tela. Ita matar tela mace ce mai zuciya a kusa. Duk ranar da Gwaggo ta yi mata faɗa, sai ta ɗebo ƙarin bokiti, ko da daga rabon gidanta ne, ta sheƙa a kwata da gayya, tana cewa ga ƙari nan tunda an ce ta cika ɓarna. Sauran mata ma sukan taya ta. Saboda haka duk safiyar da Gwaggo ta ga ganye ya ɗan sunkuyar da kai, sai ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta je bakin rariya ta tambayi sama, da ƙarfi, ko akwai wanda ya san dalilin da ya sa 'ya'yan tela suke yawo da riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kafin ta koma ciki ruwa ya iso. Sai ta zagaya baya tana murmushi, ta buɗe masa hanya da fartanya.

Shekaru suka shuɗe a haka, har aka kafa ƙungiyar tsafta a ƙauyen. Aikin farko da ƙungiyar ta sa a gaba shi ne tara gwangwanaye da kwalabe da robobi, maimakon a watsar da su a bayan gida. Ƙanin mijin Gwaggo, wanda ake kira Mai Jaki, shi ya karɓi aikin bi gida-gida yana kwasa, ya gangara da su bakin hanya inda mota take zuwa ɗauka. Abin ya yi kyau ƙwarai, ƙauye ya yi fes. Daɗin nasarar ya sa shugabar, wadda ake kira Uwar Ƙungiya, ta ce saura ruwan datti, kuma abin kunya ne a ce tsohuwa guda ta ƙare rayuwarta tana shan wahalar wankin gari. Aka nemo manyan ganguna na roba masu murfi da famfo a gindi, kowane gida ɗaya. Aka ce kowa ya tara ruwan wankinsa a ciki, ya tace, ya yi shuka da shi a gidansa.

Ranar rabon gangunan aka ɗora Gwaggo a kan kujera a gaban taro. Mata suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna neman gafararta, suna alkawarin cewa ko ɗigo ba zai sake gangarowa gidanta ba. Matar tela har da hawaye. Ta ce ita ce ta fi kowa laifi, ta rungume Gwaggo ta jiƙa mata kafaɗa. Aka ce Gwaggo ta yi jawabi. Ta miƙe, ta buɗe baki, ta dubi fuskokin nan da suka sha cin ayabarta, ta tuna da me aka shayar da ayabar. Ta ce ta gode, Allah ya saka da alheri, ta zauna. Kowa ya ce farin ciki ne ya ɗaure mata harshe.

Alkawari kuwa aka cika shi, abin da ba a saba ba. Kwata ta bushe har ƙadangaru suka mai da ita wurin shan hantsi. Tsakuwar ramin farko ta yi fari, gawayin na ƙarshe ya koma kamar ba a taɓa jiƙa shi ba. Ganyen ayaba ya fara yin rawaya daga baki, yana yagewa, yana rataya. Babbar cikinsu kuwa, wadda ta fi rufin ɗaki tsayi, ta riga ta fid da nono, 'ya'yan suna nan kore siriri, ba su cika ba. Gwaggo ta san cewa idan ruwa bai zo ba kafin damina, ba wannan kaɗai za ta rasa ba, duka za su tafi, har ƙananan da suke tsirowa a gindi.

Ta fara da rabon gidanta. Ta rage wanki, ta rage wanke-wanke, duk abin da ya saura ta kai baya. Ta hana baduku wanka a makewayi. Ta kafa masa dutse a gindin babbar ayabar, ta ce daga yau a nan zai riƙa yi. Ya ce shi dattijo ne, bai taɓa jin an mai da mutum abin ban-ruwa ba. Ta ce masa yanzu ya ji, kuma ya riƙa juyawa don kowane gefe ya samu. Amma wankan tsoho ɗaya, siririn tsoho ma, ina zai kai?

Sai ta koma ga tsohuwar dabararta. Ta gyara ɗankwali, ta tsaya a bakin busasshiyar rariya, ta yi magana a kan rigunan 'ya'yan tela, ta haɗa da wandon telan kansa. Sai ga kan matar tela ya leƙo ta saman katanga, fuska a sake, ta ce gaskiyar Gwaggo ce, za a gyara, ta kuma tambaye ta ya ƙarfin jiki. Washegari Gwaggo ta ƙara gishiri, ta taɓo girkin matar tela, ta taɓo danginta na nesa. Da yamma sai ga kwanon abinci an aiko, wai a ce wa Gwaggo ta ɗanɗana ta faɗi inda za a gyara. Ta zauna ta cinye shi cikin baƙin ciki, ga shi kuma ya yi daɗi.

Ana cikin haka Mai Jaki ya zo kwasar gwangwanaye. Ya same ta zaune ta yi tagumi a tsakar gida busasshe.

"Matar yaya, an raba ki da ruwa kin rame," in ji shi. "Ko dai kifi yayana ya aura ba mu sani ba?"

"Kwashi tarkacenka ka fita. Kai da jakinka ban san wanda yake jan wani ba."

Ya yi dariya, ya ce ai jakin ma kwanan nan fushi yake yi da shi, don aiki ya ƙaru a sama. Ta tambaye shi wane aiki. Ya ce shi ba a aike shi da magana ba, ya ja akalarsa ya fita. Ba ta bi ta kan zancen ba, domin hankalinta yana wani wuri: ta yanke shawarar cewa matar tela ta lalace, haƙuri ya cinye ta, sai dai a hau can sama a tsokano mai wanki ido da ido, tunda shi ne mai ruwa da yawa, kuma shi bai yi kuka a taro ba.

Da sassafe ta kama hanya. Ta daɗe rabonta da hawan dutsen, gwiwoyinta suna ƙara, tana tafe tana shirya kalmomin da za ta gaya masa. Da ta kai kusa da ƙoli, inda wata siririyar hanya ta zagaya bayan dutsen, sai ta ji motsi. Ta laɓe a jikin katanga. Mata ne a jere, kowace da bokiti a ka, suna tafiya saɗaf-saɗaf ba mai magana. A tsakiyarsu ga Mai Jaki, jakinsa ɗauke da jarkoki, mai wanki yana tura shi ta baya. A ƙarshen layi ga wata ta ja mayafi ta rufe fuska, amma tafiyarta ta Uwar Ƙungiya ce, ko makaho ya ji takunta ya san ta.

Gwaggo ta bi su a hankali. Hanyar ta ƙare a bakin wani rami mai zurfi, inda babu gida babu gona, sai duwatsu. Ta farko ta sauke bokitinta ta juye. Ruwan wanki ne, fari da kumfa, mai kyau, irin wanda ramin tsakuwa yake so, ya tafi a banza. Ta biyu ma ta juye. Abin da ya faru shi ne, gidajen sama a kan falalen dutse suke, babu ƙasar shuka. 'Yan tukwanen barkonon da suka dasa sun sha ruwa har sun ruɓe, gangunan sun cika sun fara wari, ga kuma alkawarin da aka yi a gaban jama'a. Shi ya sa kowace safiya suke wannan doguwar tafiya, wai don kada su ɓata wa Gwaggo rai.

Matar tela ce ta uku. Ta ɗaga bokiti ke nan sai ta ji an riƙe shi ta baya.

"Ajiye shi, 'yar nan. A hankali. Kada ki zubar ko kaɗan."

Matar tela ta waiwaya ta ga Gwaggo, ta fara rantsuwa cewa wannan ramin ba ya kaiwa gidan kowa, sun duba. Sauran suka taru suna ba da haƙuri, kowa na magana a lokaci ɗaya. Uwar Ƙungiya ta yaye mayafi ta ce ita sa ido kawai ta zo yi, bokitin kanta kuwa riƙe wa wata ta yi. Gwaggo ta dube su, ta dubi ruwan da yake gangara cikin duwatsu, ta tuna da ganyen da ta bari yana rataye. 

"Ayabata tana mutuwa," in ji ta. "Babu wani damshi a gindin dutse sai naku. Ruwan nan da kuke zubarwa, shi take sha tun da aka dasa ta. Ku mayar mini da kayana."

 Mai wanki ne ya fara magana, a hankali, ya tambaya ko tana nufin ayabar nan da ake aiko musu. Ta ce ita. Ya tambaya ko har da ruwan da yake wanke safar mutane. Ta ce ruwansa ma ya fi na kowa auki, amma sai ya ratsa tsakuwa da yashi da gawayi tukuna, kuma duk wanda ayabarta ta taɓa sa wa ciwon ciki ya ɗaga hannu. Babu wanda ya ɗaga. Mai wanki ya yi tunani, ya ce gaskiya 'ya'yansa sun fi na kowa cin ta, kuma sun fi na kowa kumatu.

Matar tela kuwa lissafi take yi a zuci, bakinta a buɗe. Can ta ce:

"Gwaggo, to duk bokitan nan da nake ƙara miki don in ƙona miki rai fa?"

"Allah ya yi miki albarka. Babbar nan mai nono, rabinta ke kika raine ta."

Matar tela ta zauna daɓas a kan dutse. Ta fara dariya, dariyar ta ƙi tsayawa, tana dukan cinya tana cewa har ruwan shayin mijinta ta taɓa juyewa a kwata saboda maganar wando. Dariyar ta kama na kusa da ita, ta bi layi har ta kai ga Uwar Ƙungiya, wadda ta yi ƙoƙarin riƙe mutuncin ofis, ta kasa, bokitin da ta ce ba nata ba ne ya tuntsure mata a ƙafa. Mai Jaki ya rungume wuyan jakinsa yana share hawaye, yana gaya masa cewa ya huta.

Gwaggo ta ɗaga hannu tana bayani cewa ramukan nata ƙanana ne, sai a riƙa buɗewa gida ɗaya bayan ɗaya, yau wannan gobe wancan. Amma babu wanda ya tsaya jin ƙarshen maganar. Mutanen da suka gaji da dakon ruwan datti a ka, aka ce musu ga mai so, ina za su tsaya? Kowa ya juya da gudu, bokiti na tambal-tambal, kowa yana so ya zama shi ne ya fara kyautata wa Gwaggo. Tana jin su suna kiran 'yan gida tun daga nesa, a buɗe famfo, a cire murfi, a kifar da gangar ma gaba ɗaya.

Ta tattare zani ta bi gangara. Rabonta da gudu tun haihuwar autanta, amma ranar ta yi shi. Ruwan ya tarar da ita a daidai gidan mai wanki, ya wuce ta a gidan Uwar Ƙungiya, yana tafe da kumfa da ƙara, ƙadangaru suna tsalle suna ba shi hanya. Tana gudu tana ƙwala wa baduku kira ya ɗauke tabarma. Da ta iso ta tarar bai ɗauke ba, ya dai hau kan turmi ya naɗe ƙafafu, ruwa na zagaye shi, takalmansa suna yawo a tsakar gida kamar agwagi. Ya tambaye ta cikin natsuwa ko damina ce ta sauka bai ji tsawa ba.

Gwaggo ta zagaya baya. Ramin tsakuwa ya cika ya tumbatsa, na yashi ya ɓace, gawayi yana iyo. Ƙasar da ta bushe ta tsattsage tana shan ruwa da wani irin sauti, kamar mai ƙishi ya kafa kai a ƙwarya. Babbar ayabar kuwa, da saiwarta ta riga ta yi rauni ga nauyin nono a ka, ta yi ɗan rangaji, ta karkata a hankali, ta kwanta a jikin katanga, gindinta ya tumɓuke.

Gwaggo ta tsaya a cikin ruwa har idon sawu tana kallonta. Sai ga mutanen sama sun iso, suna haki, suka cika bayan gidan da ba su taɓa shiga ba. Da suka ga abin da suka yi, dariya ta ɗauke. Matar tela ta fara neman kuka. Gwaggo ta ce ta adana hawayenta, ruwa ya isa haka. Ta durƙusa a cikin taɓo, ta tura hannu gindin ƙananan ɗaya bayan ɗaya, ta tona, ta duba. Saiwoyinsu farare ne, da ƙarfinsu. Ta miƙe ta ce babbar ta tafi, amma 'ya'yanta suna nan, kuma za su yi.

Daga nan ta shiga ba da umarni, ba wanda ya yi musu. Mai Jaki ya sare nonon a rataye shi a ɗaki, ko ƙanana ne za su nuna. Mai wanki ya tsince gawayin da ya watse. Uwar Ƙungiya ta hau sama ta rufe duk famfon da ya rage a buɗe, ta kuma tsara wa gidaje ranakunsu. Matar tela kuwa aka miƙa mata fartanya, Gwaggo ta ja layi da yatsan ƙafa a cikin taɓo, nesa kaɗan da ramin tsakuwa, ta ce sabon rami daga nan zai fara, kuma ya fi tsohon faɗi, don ruwan gari guda ba ya shiga ramin mace ɗaya. Matar tela ta tofa yawu a tafin hannu ta kai sara na farko.